Albam ɗin da babu Mama a ciki

Shafi na 9

Na karanta saƙonninku duka, har na masu faɗa. Masu cewa ina ja musu rai ku yi haƙuri, hannuna ne ba ya sauri. Wanda yau ya fara shigowa kuma, ga inda muka tsaya.

Auta ya buɗe sabon shagonsa na kayan ɗaki, kujeru da gadaje da tebura, ya tara mutane. Yayarsa mai ɗaukar hoto ce, da shagonta. Ita ta ɗauki taron, ita kuma ta haɗa albam a kwamfuta. Jiya da yamma Auta ya kai wa mahaifiyarsu wayarsa, ya ce ta duba, in ya yi mata ta danna maɓallin amincewa da hannunta a tura wa masu bugawa, don aikin ya samu albarkarta. Mama, wadda ɓarin jikinta na hagu ya shanye tun bara, ta bi shafukan da yatsa ɗaya daga farko har ƙarshe. Sai ta miƙa masa wayar ta ce, "Ashe ban je ba?"

Ta je. Tun da ciwon ya same ta, ranar ce fitarta ta farko in ba asibiti ba. Amma babu hotonta ko ɗaya a albam ɗin.

*

Yaya na durƙushe tana buɗe kwaɗon shagonta motar Auta ta tsaya a bayanta. Ta san ƙarar. Ba ta waiwaya ba.

Bai gaishe ta ba.

"Me ta yi miki?"

"Bari in buɗe ƙofa."

"Tambayarki nake yi, Yaya. Me Mama ta yi miki?"

Ta sa kafaɗa ta tura ƙofar ƙarfen sama, ta shiga ta kunna wuta. Farin labulen da ake tsayawa a gabansa ya yi dauɗa daga ƙasa, wurin da takalma ke takawa. Ta ture wayar fitilar ɗaukar hoton nan mai lema da ƙafa, ta zauna gaban kwamfuta, jakarta na rataye a kafaɗa.

"Zauna."

"Ba zama ya kawo ni ba."

"To tsaya. Amma ka sauke murya. Mai gyaran wayar da ke jikina kunnensa ya fi aikinsa kyau."

Ya jawo bencin masu jiran hoton fasfo ya ɗosana a bakinsa.

"Kin san abin da ta yi bayan ta faɗi maganar nan? Murmushi. Da rabin bakin nan nata. Ta ce kujeruna sun yi kyau."

"Na saurari saƙonka."

"Kika saurara, ba ki kira ni ba."

"Ina canza mata zanin gado lokacin. Kai ka koma gida ka ci abinci."



"Yau da safe me ta ce?"

"Ta ce ruwan wankan ya yi zafi."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ya shafa fuskarsa da hannu biyu.

"Abu ɗaya nake so ki faɗa min. Da gangan ne?"

Sai a lokacin ta juyo ta dube shi.

"Wa ya ce min albam ɗin a kan teburin shago zai zauna, masu sayayya su riƙa buɗewa? Wa ya ce, Yaya, masu kyan kawai za ki sa, kada wani abu ya fito da zai ɓata ido?"

"Wayoyin lantarki nake nufi. Da kwalayen da ba a kwashe ba."

"Haka ka ce?"

"Haka nake nufi."

"Ni ban ga nufi ba, magana na ji."

"To kin cire ta ke nan saboda maganata."

"Ban cire ta ba."

"Tashi ta yi ta fita da ƙafarta?"

Maganar ta riga shi fita. Ya sunkuyar da kai. A waje mai gyaran waya ya rage sautin rediyonsa.

Yaya ta sauke jakar, ta kunna kwamfutar.

Manhajar haɗa albam ce irin ta masu sana'a. Sai ka zuba mata hotunan taro gaba ɗaya, ita ta fara tacewa. Wanda hannu ya girgiza, wanda ya maimaitu, wanda wani ya ƙifta ido a ciki, duk ta sa musu jan alama ta ware su gefe. Sauran ta jera su shafi-shafi, ta aika wa mai aikin ya duba a wayarsa, ya rubuta gyaran da yake so a ƙasan kowane shafi. Da can Yaya da idonta take bin hotuna ɗaya-ɗaya, ta kai magariba a shago. Da Mama ta kwanta ciwo ne ta sayi manhajar, don ta riƙa komawa gida da wuri.

Tun a hanya wani tunani ke cin ta. Ba ta so ya zama gaskiya.

Ta jona wayarta, ta nemo wani hoton Mama na kafin ciwo, tana tsakar gida tana shanya kaya. Ta ja shi ta saki a cikin manhajar.

Kore.

Ta nemo wani, na watan jiya, Mama a bakin taga an ɗaure mata kai.

Ja. A kusurwar hoton wani ɗan zanen ido ya fito, an ja masa layi.

Ta sa wani. Ja. Ta sa wanda Mama ke dariya, ranar da yatsunta na hagu suka ɗan motsa. Ja.

Auta ya taso ya tsaya a kanta.

"Mene ne wannan?"

"Idonta."

"Me ya samu idonta?"

"Kai ma ka san fatar idonta na hagu ta sauka. Manhajar gani take ƙiftawa ta yi. Duk hoton da Mama ta shiga, a wurinta hoto ne da ya lalace."

"Har wanda muka tsaya mu uku?"

"Duk wanda ta shiga."

Ya yi wata ajiyar zuciya mai tsawo, kafaɗunsa suka sauka. Har da ɗan murmushi.

"To alhamdu lillahi. Ashe na'ura ce."

"Kana murna?"

"Ba murna ba ce. Amma dai ba ni ba ne, ba ke ba ce. Mu je mu gaya mata."

"Na'ura ta cire. Wa ya duba?"

Ta buɗe shafukan da aka aika masa. A ƙasan kowanne ga rubutunsa. Ta fara karantawa, murya a kwance, kamar mai karanta wa makaho saƙo.

"Ya yi. Ya yi sosai. A ƙara girman doguwar kujerar nan mai ruwan toka. Ya yi. Surukina ya yi ƙarami a nan, a kawo shi gaba. Madam ta ce ɗaurin ɗankwalinta ya karkace, a canza da wani."

"Ya isa."

"Ban gama ba. Direban da ya kawo katako bai fito ba, a neme shi, zai ji haushi."

"Na ce ya isa, Yaya."

"Ka tuna da direban katako."

Ya ja baya har ya taɓa fitilar, lemar ta yi rawa.

"Ni a waya na duba, tsakanin masu ciniki. Ke fa? Ke kika zauna gaban wannan babban allon kwana da kwanaki. Ke kika ɗauke ta da hannunki. Ke kike wanke ta, ke kike ba ta abinci, kullum fuskarta na gabanki. Ba ki ji wani abu ya ɓace ba?"

Ta mayar da idonta kan allon.

"Ko don kyauta kika yi min aikin shi ya sa kika bar wa na'ura?"

"Kada ka soma."

"To amsa min."

Ta daɗe tana kallon jan alamar da ke kan dariyar Mama.

"Wataƙila don kullum tana gabana ne," ta ce. "Na buɗe albam na ga taro, ban ga bahon wanka ba, ban ga magani ba. Sai na ji daɗi. Ban tambayi kaina me ya sa ba."



Can ya ce, "To a dawo da su. Ba kin ce gefe take ware su ba?"

"Na share."

"Kin me?"

"Kwamfutar ta cika. Kullum in na gama jeri nakan zubar da masu jan alama. Haka nake yi wa kowa."

"Katin kyamarar fa?"

"Na goge shi na ɗauki yayen ɗaliban makarantar nan ta bayan kasuwa. Hotunan wasu sun hau kai."

"Babu mai iya tono su?"

"Da ban ɗora wasu a kai ba, da akwai."

Ya zagaya ɗakin, ya dawo. Auta tun yana ƙarami ba ya iya zama da ɓarna, sai ya nemo abin rufe ta.

"To ga shawara. Kayan da ta sa ranar suna nan ai. A sake shirya ta, in zo da mota, mu kai ta shago. In sa kayana na ranar, Madam ta sa nata. Ki ɗauke mu. Ki cusa a tsakiya. Wa zai sani?"

"Ita."

"Ban da ita."

"Don wa za a yi, in ban da ita?"

"Ke komai sai kin mai da shi baƙar magana."

Ba ta kula shi ba. Hannunta na kan linzamin kwamfuta tana bin shafukan. Manhajar in za ta zaunar da hoto a gurbinsa takan datse gefe-gefensa, ta bar fuskokin da ta ga sun fi girma a tsakiya. Abin da ta datse ba ya ɓacewa, yana ɓoye ne a bayan gurbin. Yaya ta riƙa kama kowane hoto tana jan sa hagu da dama, tana leƙa abin da aka yanke.

Gwiwar hannun wani. Rabin fanka. Bayan wata mata.

Ta zo kan hoton yanka ƙyallen buɗewa, wanda ya cinye shafi biyu. Auta da almakashi, matarsa a gefensa, surukinsa na tafi. Ta ja shi hagu.

Daga can ƙarshen dama allon tallan shagon ya fito, irin dogon nan mai tsayawa da ƙafarsa. A ƙasansa, tayar keken marasa lafiya. Sama kaɗan, hannu a kan madogari, da zoben azurfar da suka sani tun suna yara. Sai rabin fuska tana leƙowa.

"Ga ta," in ji Auta a hankali.

"Wannan ya tsira ne don allon ya rufe idon mai ciwon. Manhajar ba ta gan shi ba."

Ta ƙara girman wurin. Hoton ya fara fashewa, amma ana gane ta. An sa mata kwalli. Yaya ta tuna da safiyar, ta sa wa idon dama ta mayar da murfi, Mama ta riƙe mata hannu ta ce, "Sa wa ɗayan ma, ai shi ma zai je taron."

"Me take yi a bayan allo?" Yaya ta tambaya. "Ba a gaba aka ajiye ta ba?"

Auta ya ɗauki makullin motarsa daga kan benci.

"Taro ne. Ana ta matsar da abubuwa. Ɗauko kwamfutar mu je."

*

A mota ba su yi magana ba, sai sau ɗaya da ya ce ta bari shi ya fara, ta ce ai shi ya fara jiya.

Sun samu Mama a falo, a kekenta, an juya ta wajen taga yadda take so da hantsi. Matar da ke zama da ita da rana tana yanke mata farce. Da ta ga fuskokinsu ta tattara kayanta ta ce bari ta duba tukunya.

Suka durƙusa suka gaishe ta. Ta amsa kamar kullum, ta tambayi Auta matarsa, ta tambayi Yaya ko ta karya kafin ta fita.

"Yau kuma ku biyu, da hantsin nan. Wa ya mutu?"

"Babu kowa, Mama."

"To madalla."

Yaya ta ɗora kwamfutar a kan ɗan teburin magani, ta ture kwalaben gefe. Ta yi bayani tun daga farko. Yadda manhajar ke tacewa. Jan alama. Zanen idon da aka ja wa layi. Ta so ta tsallake batun sharewa, ta kasa, ta faɗa. Auta na gefe yana cewa "haka ne" a wuraren da ba a tambaye shi ba.

Mama ba ta katse ta ba. Tun ciwon maganarta ta yi nauyi, sai ta koyi tara ta, ta fitar da kaɗan.

"Ita wannan abar," ta ce, "ta san ni?"

"A'a, Mama. Ba ta san kowa ba."

"Na taɓa goya ta?"

Yaya ta girgiza kai.

"To ba ta da laifi."

Auta ya matso da gwiwa.

"Mama, kuskure ne wallahi. Kuma mun samo ɗaya. Yaya, nuna mata."

Yaya ta juyo da allon. Mama ta karkato da kai, ta daɗe tana kallo da idon dama.

"Wannan mai lafiyar ne."

"Zan gyara shi, Mama. Zan faɗaɗa shafin ki fito sosai."

"In fito a bayan allo."

"Zan iya goge allon."

"Ki goge, sai a ga me? Ɗayan rabin ai ba ki ɗauka ba."

Ta ɗaga hannun dama ta goge gefen bakinta da ƙyallen da ke cinyarta. Ba ta yarda a yi mata wannan, ko Yaya.

"Kin tambayi yadda na je bayan allon?"

"Na tambayi Auta. Ya ce taro ne."

Mama ta juya idonta kan Auta. Shi kuma ya samu abin kallo a jikin tayil.

"A gaba aka ajiye ni," ta ce. "Dab da ƙyallen. Ina ganin almakashin. Har na gyara mayafi."

Ta tsaya ta huta. Ba wanda ya taya ta.

"Sai ke kika zo. Kika ja baya, kika ɗaga abin hotonki. Kika ce, a matsar da kujerar can ta gefe, tana ɓata min hoto."

Yaya ta ɗago ta dube ta.

"Mama, ni?"

"Muryarki ɗaya ce."

"Ai shagon kujeru ne. Tun safe nake cewa a matsar da wannan, a matsar da waccan."

"Ni ma haka na ɗauka. Na waiga ina neman wace kujera ce. Sai na ji ina tafiya."

"Ban san ke ce ba. Wallahi ban sani ba. In na sa ido a kyamara ba mutum nake gani ba, wuri nake gani, inda ya cika da inda ya rage. Na ga ƙarfe a gefe yana ƙyalli, shi ke nan."

"Na sani. Ina kallonki. Idonki ɗaya a rufe." Gefen bakinta mai lafiya ya ɗan ɗaga. "Har na ce a raina, yau mun yi kama."

Yaya ta dafe bakinta.

"Ke ba ki gani ba," in ji Mama. "Wanda ya tura, ya gani."

"Mama," Auta ya ce.

"Me ka ce min a kunne?"

Ya ci gaba da kallon tayil ɗin.

"Ka manta? Ni ban da aikin da zai mantar da ni."

"Na ce minti ɗaya."

"Ka ce, Mama minti ɗaya, yanzu zan dawo da ke."

Yaya ta juya ta dube shi. Bai ɗago ba.

"Kai ne? Ka tsaya a shagona kana tambayata me ta yi min?"

"Ke kika ce a matsar."

"Na ce kujera. Ka duba ka ga uwarka, ka tura."

"Surukina na tsaye da mutane, kowa na jira, ke kina ɗaga hannu kina cewa a yi sauri. Me kike so in yi? In tsaya gardama da ke a gaban jama'a?"

"Ka ce, Yaya, Mama ce. Kalma uku."

"Ke da kike da idon sana'a ba ki gani ba, sai ni?"

"Ku bari," in ji Mama.

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta da ita. Amma suka bari.

"Na ji tafi. Na ji an yanka. Ta ƙarƙashin allon ina ganin takalma suna wucewa. Naka masu ƙyalli, sun wuce sun dawo, sun wuce sun dawo. Naki masu lebur ɗin nan, har kin taka min taya kin ce sannu, ba ki duba ba. Sai da aka fara rabon abinci wata baiwar Allah mai goge tebura ta leƙo ta ce, Baba, ke da wa kika zo?"

Ta sake goge bakinta.

"Na ce da 'ya'yana."

Daga kicin aka ji murfin tukunya ya faɗi, aka yi saurin ɗauke shi.

"Ban yi niyyar faɗa ba," ta ci gaba. "Na ce taro ne, yara sun ruɗe. Na ce in hotuna suka fito zan ga kaina ko a wanda muka tsaya mu uku daga baya, shi ke nan ya wuce. Sai jiya na duba. Na ga kujera mai ruwan toka. Na ga mai ruwan ƙasa. Duk kujerun sun fito, ban da guda."

Auta ya kama ƙafar keken da hannu biyu.

"Mama ki yafe mana. Za mu gyara. Kayanki na ranar suna nan, gobe in zo in ɗauke ki, mu koma shagon, a sake ɗauka. Ke za ki riƙe almakashin ma. Shafin farko za a sa ki."

"A sake ɗaura ƙyallen?"

"A sake."

"A kira masu tafin?"

Ya saki ƙafar keken.

"Sai in zauna in yi murmushi, a buga, jikokina su buɗe su ce ga Kaka a gaba ranar buɗe shago." Ta girgiza kai kaɗan, iyakar yadda wuyan ke bari. "Ban yi muku ƙarya kuna yara ba. Ba zan yi wa 'ya'yanku ba."

"To me kike so a yi, Mama?" Yaya ta tambaya. "Duk abin da kika ce."

"Ba ni wayar."

Auta ya dubi Yaya.

"Wayarka nake nufi. Ta jiya. Buɗe min wurin."

Ya ciro ta, ya buɗe albam ɗin ya ɗora mata a cinya. Ta bi shafukan da yatsa, ba sauri, har ta kai na ƙarshe, inda maɓallin amincewa yake jira tun jiya.

Yaya ta miƙe a kan gwiwoyinta.

"Mama, tsaya. In aka danna wannan ya tafi wurin masu bugawa ke nan. Manhajar kulle shi take yi, ko ni ba zan iya taɓawa ba."

"Ya faɗa min jiya."

"Bari in sa ko rabin nan ne."

"A'a. A bar shi yadda kuka ga ya yi. Ku biyu kun duba, kun ce ya yi."

"Mama, don Allah."

"Albarka aka ce in sa. Ga ta."

Ta danna.

Wayar ta yi ɗan ƙara. A kan teburin magani kwamfutar Yaya ma ta amsa, wani ƙaramin kwaɗo ya fito a kan kowane shafi, ɗaya bayan ɗaya, har ƙasa.

Mama ta tura wayar da bayan hannu, ta zame daga cinyarta, Auta ya cafe.

"Tunda tana hannunka, kira min kawunku."

Ƙaninta ne, wanda tun farkon ciwon yake cewa a ba shi ita ya riƙe, Yaya tana cewa ba ta gaji ba.

"Me za a ce masa?" Yaya ta tambaya.

Mama ba ta dube ta ba. Taga take kallo.

"A ce ya zo yau. Ya zo da babbar motar, wadda kujera za ta shiga."